Jirage Uku na Yaya Dogara

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ya iso! Ina tsakiyar makin takardun jarrabawar 'yan aji biyu Zubair ya kira ni daga shagonsa na kayan waya, ya ce, "Malama Faustina, saƙonki ya sauka daga Kaduna." Na bar jan biro a buɗe na kama hanyar kasuwa da ƙafa, don ni da mashin yanzu sai kallo daga nesa.

Abin bai kai faɗin farcen babban yatsana ba. Ɗan allo ne shuɗi, sensa, aikinsa ya san in an karkata shi gaba ko baya, hagu ko dama. Irinsa ne a cikin waya yake juya hoto in ka kwantar da ita. Zan ɗinka shi a saman hula, in ja waya daga hular zuwa rimot, shi ke nan kan mutum ya zama sandar tuƙi. Na yi wa Zubair bayani sau uku, a na ukun ya ce ai tun a na farko ya gane, in bar shi ya sallami masu jiransa.

Don Yaya Dogara nake yi. Shekara goma sha ɗaya yana yanka farin soson kwalin firij yana mai da shi jirgin sama, kowace Asabar shi da Zubair suna filin ƙwallon bayan layin dogo suna tashinsu. Tun watan Fabrairu hannuwansa da ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Wuya da kai ne suka rage. Zancen hatsarin mashin na hanyar Gidan Waya ba zai shiga littafin nan ba.

Zubair ya ce hular kwano za ta fi riƙe sensan da kyau. Na ce a'a. Ya ɗan kalle ni, ya ce, "Yi haƙuri, ban yi tunani ba." Hana-salla za mu sa.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Na ƙona yatsa sau biyu wajen liƙa dalma, kuma ko a jikina. Takardun yara kuwa suna nan suna harara ta.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Ta yi! Ta yi! Na ɗora jirgi a kan teburin cin abinci, na sa hular, na ɗaga haɓa, sai ɗan murfin jelar jirgin ya ɗaga. Na sunkuya, ya sauka. Na kwantar da kai ta kafaɗar dama, fuka-fukan suka amsa. Na yi ihun da ya sa kajin Mama suka watse.

Edna, matar Yaya, ita ta ɗinka wa sensan aljihu a saman hular da kekenta. Wutar injin kuma da baki ce. Na sayo sabuwar robar ƙarin ruwa a kemis na haɗa: in ka hura, farfela ta ƙara gudu, in ka zuƙa ta rage, in ka saki ta tsaya a inda ka bar ta. Abu ɗaya kawai, da an kunna sai mutum ya tsai da kansa na ɗan lokaci, don inda sensan ya tarar da kai nan yake ɗauka a matsayin tsakiya.

Edna ta tsaya tana kallona ina kaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga. Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, "Sista Fausti, in bai yarda ba fa?" Na ce zai yarda. Ban san inda na samo wannan tabbacin ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Bayan sujada a coci na shiga ɗakinsa da kayana. Tun da ya dawo daga asibiti ya sa Edna ta rufe jiragen da zani a inda suke rataye. Uku suka rage: Hankaka mai baƙi da fari, Tsattsewa ƙarama, da Balbela, babbar farar nan da ya yi wata huɗu yana ƙerawa.

Ya ce, "Injiniya, me kuma ka kawo?" Da wannan sunan yake tsokanata tun ina farke rediyon Baba ina kasa mai da shi.

Na sauko da Hankaka, na sa masa hular. Na ce ya ɗaga haɓa. Jelar Hankaka ta motsa. Ya sake, ta sake. Wata biyar ke nan babu abin da ya motsa a duniyar nan don shi ya ce ya motsa.

Amma Yaya Yaya ne. Ya sha mur ya kafa mini sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba wanda zai riƙe wani rimot a gefe don ya karɓa in ya kuskure. "In wani zai riƙe mini, ku bar ni in yi kallo kawai." Na biyu, jirage uku ne, in sun ƙare magana ta ƙare, kada in sake shigo masa da waya ko hula. Na amsa da sauri kafin ya ƙara na uku.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Kwana huɗu yana koyo a ɗaki. Ya iya bin abu da ido ba tare da ya juya kai ba, mun kuma kwantar da bayan kekensa kaɗan don ya fuskanci sama. Yau ya cinye gwaten acha kwano guda har ya nemi ƙari. Mama ta fita tsakar gida tana waƙar zumuntar matan coci ita kaɗai. Jibi ne! Ban san yadda zan kai jibi ba.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Bari in rubuta yadda ya faru daki-daki, ko zan ga inda na yi kuskure.

Mun isa fili ƙarfe tara. Sama tas, ana hango dutsen Kagoro, iska ba ta da ƙarfi. Ni da Edna muka turo keken, Mama na biye da lema da flas ɗin kunu, Zubair ya riga mu zuwa. Na kunna komai muka gwada: sama, ƙasa, hagu, dama, duk lafiya lau. Zubair ya ɗaga Hankaka zai jefa, sai Mama ta ce, "Kai, ku tsaya. A gidan nan ba a fara abu babu addu'a."

Na san addu'ar Mama, takan fara daga Adamu. Sai na kashe komai don kada batir ya sha wahala. Ta yi wa Yaya, ta yi wa Edna, ta yi wa cittar da ke gona, ta yi wa matafiya. Da na ji ta kai kan shugabannin ƙasa na san saura kaɗan, sai na laluba na kunna ido a rufe. Muka ce amin. Yaya ya hura, farfela ta ɗauka, Zubair ya jefa.

Hankaka ta miƙe tsaye sak kamar an ja ta da igiya daga sama, ta tsaya cak, ta juyo da ka. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba. Na tsinci farfela a bakin raga.

Yaya ya ce bai ɗaga kai ba. Ya faɗa sau uku, ba wanda ya ce ya ɗaga. Na ce masa laifin waya ne, zan gano. Kunun Mama haka muka dawo da shi.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Saura biyu.

Laraba, 24 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na farke komai na sake liƙawa. Na auna kowace waya. Na gwada a tebur sau arba'in, na fita tsakar gida cikin rana na gwada, na jijjiga hular, har firij na sa ta na fito da ita. Tana aiki kamar ba ita ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi, abu ya ƙi lalacewa a gabanka.

Duk da haka na canza wayar da ke shiga rimot, na gaya wa Yaya ita ce mai laifi. Ƙarya na yi, amma ƙaryar ta sa ya ce a sauko da Tsattsewa. Kuma ni ma zuwa yamma na fara yarda da ita. Tsattsewa ba ta da nauyi, tana yafe kuskure. Asabar ɗin nan za mu ga abin mamaki, ina ji a jikina.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu na rana

Irin na wancan makon, babu bambanci ko kaɗan. Gwaji lafiya, addu'a, amin, jefawa, ta miƙe tsaye, ta faɗo. Wannan karon a kan dutse.

Zubair ya kwaso guntayen a rigarsa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya kalli Mama, ya rufe.

A hanya Yaya ya ce, "Fausti, a tebur yana yi, a kanka yana yi. Sai a kaina. Ka daina zagin waya." Sai ya ce wuyan ma ya fara tafiya ke nan, shi ne bai sani ba. Na ce likita ya ce wuyansa lafiya. Ya ce, "Likita ya ce abubuwa da yawa."

Ni na kawo wannan. Kafin hulata yana da abu ɗaya da ya yarda da shi a jikinsa, yanzu na sa ya daina yarda da shi. Ni dai kullum ni ce mai kira a fito, kamar ranar Gidan Waya.

Litinin, 29 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Ya faɗa wa Edna wata magana jiya. Ta maimaita mini a kicin, tana wanke kofi ɗaya har ta gama. Ba zan rubuta ta ba. Mun kwashe magungunansa daga ɗakin mun kai ɗakin Mama, ko da yake ba shi da hannun ɗauka. Edna ta ce haka hankalinta zai fi kwanciya.

Talata, 30 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Bai ci ba. Ya ce a juya shi ya fuskanci bango.

Alhamis, 1 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Cokali uku na kunu, shi ma don Mama ta yi kuka. Baba Rabaran ya zo ya zauna awa ɗaya, Yaya ya amsa gaisuwa kawai.

Zubair ma ya zo, abin da bai saba ba ranar kasuwa. Ya zauna a benci yana juya makullin shago, ya tambayi lafiyar kaji, ya tambayi ko an ba da hutu. Na ce, "Zubair, in akwai magana ka faɗa, kaina ya ɗau zafi." Ya ce babu, ya tashi. Mutumin nan zai kashe ni da kunya.

Juma'a, 2 ga Agusta, ƙarfe uku da rabi na yamma

NA GANO. A'a, ƙarya nake, Zubair ne ya gano.

Daga masallaci ya wuto nan ko gida bai je ba. Ya ce in fito waje, kada Mama ta ji. Ya ce, "Malama, kwana shida ina juya maganar nan. Ina tsoron ku ɗauka raini ne ga addininku, Allah ya sani ba haka ba ne." Na ce ya faɗa kafin in faɗi.

Ya ce lokacin addu'a kowa ido rufe, shi kaɗai yake tsaye a gefe da jirgi a hannu, idonsa biyu. Ya ce duk sau biyun, da aka ce amin Yaya ya ɗago kai, sai jelar jirgin ta yi sama ta tsaya a can. A karon farko ya ɗauka haka na tsara. A karo na biyu ya so ya yi magana, amma farfela ta riga ta ɗauka kuma kowa na kallonsa. "To bayan nan ta yaya zan kalli Mama in ce mata addu'arta ce ke kayar da jirgi?"

Na zauna a ƙasa daɓas. Ina kunnawa Yaya na sunkuye! Sensan ya tarar da kai a ƙasa ya ce nan ne tsakiya. Da ya ɗago ya kalli gabansa, a wurin jirgi umarni ne ya hau sama iya ƙarfinsa. Wuyan Yaya bai yi komai ba sai ladabi a gaban Ubangiji. Ni mai koyar da fiziks, ni da na rubuta gargaɗin da hannuna, na farke waya ɗari ban tuna cewa mu mutane ne masu sunkuyawa ba.

Na yi dariya har hawaye. Na ce, "Zubair, kwana shida? Mutum na can yana kallon bango kai kana nan kana kunya?" Ya sunkuyar da kai. Na ce ya ɗago kafin shi ma ya faɗo.

Asabar, 3 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na karya sharaɗi, na shiga da hula. Ya ji ƙarar wayoyi bai juyo ba, ya ce, "Mun yi magana." Na ce ba shi zai sa ba, ni zan sa, kallo kawai nake roƙo. Edna ta juyo shi ko yana so ko ba ya so.

Na sauko da Balbela na ɗora a gado. Na sa hular, na sunkuya, na haɗa hannu irin na Mama, na fara, "Ya Uba, muna kawo maka shugabannin ƙasa," na kunna, na jira, na ce amin na ɗago. Jelar ta yi sama ta ƙame.

Ya ce in sake. Na sake. Ya ce a sa masa. Ya yi da kai sunkuye, jela ta ƙame a sama. Ya yi da kai tsaye, ta zauna daidai, tana bin haɓarsa kamar ɗiyar kirki. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na tsorata, ashe dariya ce. Ba ta da ƙarfi yanzu, amma ita ce.

Mama na bakin ƙofa ashe. Ta ce, "To yanzu addu'a ne ya yi laifi?" Yaya ya ce, "A'a Mama, injiniyanki ne." Ta ce ita dai ba za ta rage ko layi ɗaya ba, mu gyara abinmu. Na ce ta ƙara ma in tana so.

Ya sha kunu kofi ɗaya da rabi. Bai ce zai tashi Balbela ba tukuna.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Na ƙara ɗan maɓalli ja a gefen rimot. Ba abin da zai motsa sai an danna shi, kuma ba za a danna ba sai Yaya ya ce da bakinsa ya shirya. Ruwa ake yi tun safe, ni kuwa sai leƙa sama nake kamar mai shanya.

Laraba, 7 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Ya ce Asabar. Ya ce Asabar!

Juma'a, 9 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Edna ta tambaye ni in wani abu dabam ya faru gobe fa, iska ko batir. Na ce ban sani ba. Wannan karon ban yi mata ƙarya ba. Balbela ce ta ƙarshe, kuma Yaya ya san haka ya ce a kai ta.

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Mama ta yi addu'ar da ta fi ta kullum tsawo, ina jin da gangan, har Zubair ta sa a ciki da shagonsa. Muka ce amin. Yaya ya ɗago, ya daidaita kansa, ya kalli can saman bishiyoyin mangwaro. Ya ce, "Danna." Na danna. Zubair ya duba jela, ya ce da ƙarfi, "Tana daidai!" Yaya ya hura.

Ta fita daga hannun Zubair a miƙe, ta ɗan nutsa, sai haɓar Yaya ta ɗaga kaɗan, kaɗan ƙwarai, Balbela ta hau. Ta wuce raga. Ta wuce mangwaro. Ya kwantar da kai ta hagu, ta yi kwana mai faɗi a saman layin dogo, rana ta bugi cikinta fari fat. Edna ta toshe baki da gyale. Mama na tafi tana "Na gode Yesu" ba ƙaƙƙautawa. Ni ban san abin da nake faɗa ba, an ce tsalle nake ina kiran sunan jirgin.

A zagaye na uku ya saki robar daga bakinsa, kansa bai motsa ba ko kaɗan, ya ce, "Fausti, zo. Ba na gani." Gabana ya faɗi. Na duba, ashe hawaye ne suka cika masa ido, ga shi ba dama ya girgiza kai. Ya ce, "Share mini. Kada ka taɓa hular." Na durƙusa a gefen keken na goge masa da bakin zanina, ido ɗaya bayan ɗaya, a hankali, jirgin na can sama yana jiransa. Sau uku na goge kafin ya sauko.

Saukar ba ta yi kyau ba, ta dungura a ciyawa ta karya ƙafa ɗaya. Zubair ya kawo ta a rungume. Yaya ya ce a matso da ita kusa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce fiffiken hagu ya fi nauyi, tun a kwanar farko ya ji, kuma ƙafar nan dama bai taɓa son ta ba. Ya ce Zubair ya nemo masa kwalin firij biyu ranar Litinin, manya, ni kuma in wasa wuƙa, don shi zai faɗi awo ni in yanka, kuma in na karkace layi zai sa in sake.

Na ce to. Na fara naɗe wayoyi, Edna ta kama keken za ta juya shi gida.

Ya ce, "Ina za ku kai ni? Akwai wani batir a jaka."